Riɗin Garin Simsim

Ustaz Wada ya tsaya a ƙofar gidan su Najwa a Gadarif, ya kasa haɗa ido da ita. Albashin koyarwa bai isa aure ba, shi ya sa ya zuba duk abin da ya tara a gonar riɗi a garin Simsim.

"Ruwa ya sauko bayan mun yanke," ya ce. "Duk ya ruɓe."

"To, mu jira baɗi."

"Haka na ce miki bara, Najwa. Shi ke nan, ki daina jirana."

Ta daɗe tana kallonsa. "Riɗin ne ya ruɓe, ko kai ne ka gaji?"

Ya sunkuyar da kai. Mahaifiyarta ta ƙwala mata kira daga ciki, ta shige ba ta waiwayo ba.