Wankin Ɗakin Ganguna

Injin na hannu ne, tiyonsa ma duk faci, amma ruwan da yake fesowa sai ya ɗaye fenti a jikin jirgi. Shinpei ya ɗora shi bayan 'yar a-kori-kurarsa, ya rubuta "Wankin Kuzuhara" a ƙofa, sunan dangin uwarsa ke nan, ya hau jirgin fito ya koma tsibirinsu. Ya fara da kasuwar kifi, ya wanke katangun mutane, ya wanke kaburbura gabanin bikin tunawa da magabata. Sana'a ta karɓe shi. Amma ba neman abinci ne ya dawo da shi ba. Gini ɗaya yake hari a duk tsibirin.

Ginin kuwa ɗakin gangunan gidansu ne, inda tun zamanin kakanni ake jiƙa waken suya da alkama da gishiri har su zama shoyu, baƙin romon da ake ɗiga wa abinci don ɗanɗano. Azarun ɗakin da ginshiƙansa baƙi ƙirin suke da fumfuna. Baƙo ya gani ya ce ƙazanta ce. Ɗan gida kuwa ya san fumfunar nan ita ke sauka cikin ganguna ta ba romon ɗanɗanonsa, kuma in aka wanke ta, shi ke nan, ba a sayo ta a kasuwa. Ko tsintsiya ba a ɗagawa sama a ɗakin.

A ɗakin nan Shinpei ya girma, shi ke juya ganguna tun ubansu na raye. Tsohon na rufe ido, Kanji, wan Shinpei, ya tara dangi ya rantse cewa ƙanin nasa ya ci natto, daddawar nan mai yauƙi da aka haramta wa masu aikin, ya shiga ya lalata jiƙon shekara guda. Ƙarya ce tsagwaronta. Aka kore shi kamar kare, ya ƙare a Osaka yana wanke motocin haya. Ko auren Kanji a bakin mutane ya ji shi. Ya tsani wan nan nasa, tsana irin wadda ke hana mutum jin daɗin abinci.

Ya yi ta zagaya gidan da motarsa yana neman ƙofa, bai samu ba. Sai ga ƙofa ta buɗe kanta. Wata mata ta kira shi a waya.

"Kai ne mai wanki? Fumika ce, matar mai gidan shoyu. Maigidan ya tafi Tokyo karɓar lambar yabo, zai dawo da 'yan jarida. Ɗakin gangunan nan kuwa abin kunya ne, baƙi kamar gindin tukunya. So nake ya dawo ya tarar da shi fes."

Shinpei ya danne dariyarsa da ƙyar. Wato Kanji wawuya ya auro.

Ya iso da hantsi, ya ja hula ya sa takunkumi. Fumika ta tare shi cikin riga mai tsada, ta sunkuya ta gaishe shi, ta ce ta ba ma'aikata hutu don kada su shiga masa hanci. Hannunta da ya miƙo makulli kaushi gare shi, faratan sun rine. Wata babbar jaka na jingine a bakin ƙofa.

"Ni 'yar birni ce, ban san kan waɗannan abubuwa ba," in ji ta. "Ko a rufe gangunan?"

"A'a, uwargida, bar su su sha iska."

Ya kafa tsani ya tada inji. Ƙamshin ɗakin ya doke shi, ƙamshin rigar ubansa, ya ɗan dakata. Sai ya tuna fuskar Kanji ranar rantsuwar, ya matsa kunamar tiyon. Fumfunar da ta girmi kakansa ta riƙa zubowa, baƙin ruwa na kwarara cikin ganguna. Bai tsaya nan ba, ya zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a tanki ya sake bi. Azara bayan azara, itace ya fito fari tas. Daɗi ya kama shi, har da 'yar waƙarsa.

Da la'asar ya kashe inji. Ya ɗan tausaya wa matar, don ya san abin da Kanji zai yi mata in ya dawo. Tausayin bai hana shi naɗe tiyo ba.

Fumika ta shigo da jakar a hannu, ta ɗaga kai tana bin rufin da kallo a tsanake. Ta wuce bayan ganga ta ƙarshe, inda ko fitila ba ta kaiwa, ta shafa wani lungu ta sansana yatsanta.

"Haba ƙanin miji, aikinka ke nan? Ka bar uwar fumfunar a nan, kafin damina za ta sake mamaye ɗakin. Tada injinka. Tun da ya kore ka ya auro ni, ni ke juya gangunan nan, shi yana karɓar lambar yabo."