Gemun Auduga

Da la'asar malamin ajinmu ya yi sallama a zaurenmu a Tambuwal, shekarar da aka samu mulkin kai. Motar hukumar En'e za ta kai mu Sakkwato mu yi wasan kwaikwayo gaban ɗaliban birni, amma sai iyaye sun yarda. Ni ne alƙali a wasan. Gemun da zan ɗaura yana hannuna, na auduga, kwana uku na yi ina ɗinka shi kan tsumma.

Baba ko tabarma bai nuna wa Malam ba. Ya karɓi gemun, ya jujjuya, sannan ya shafa nasa.

"Malam, ɗana za ka maishe ɗan kama? Shi ɗaura gemu, birni na yi mai dariya?"

Malamin ajinmu ya ce wa Baba, "Allah shi gafarta malam, karatu ne. Yaron ga ya fi kowa..."

"Ba shi zuwa."

Ya jefa gemun cikin garwashin da ake dafa tawada. Ƙauri ya cika zauren, Baba ya ce in kawo mafici.

Yau gemuna fari ne, na gaske. Ina yi wa Baba addu'a kamar yadda ya wajaba. Amma bai taɓa neman in yafe ba, ni ma ban ce na yafe ba.