Hannu Cikin Zunguru

Kai da kake cewa ɗanka ya gagare ka, matso ka ji wannan. A wani ƙauye an yi wata mai dakau da 'yarta 'yar shekara goma sha huɗu, mai i'ina. In aka ɓata wa yarinyar rai sai magana ta sarƙe mata a maƙoshi, kafin ta fito an yi dariya an watse. To, abin da baki ya kasa sai hannu ya ɗauka. Yau ta fasa wa ƙanenta baki, gobe ta jefi 'yar maƙwabta da dutse a bakin rijiya. Uwar kuwa ba ta san wani magani ba sai tsumagiya, kai ka ce jaki take kora. Ba ta sani ba, bayan kowane duka yarinyar kan zaga bayan rumbu ta gartsa wa hannunta cizo har jini ya fito, ta ja mayafi ta rufe.

Ana jajiberin salla uwar ta kai ta wurin wata tsohuwa mai ƙunshi. Da tsohuwa ta janye mayafin sai ga sawun haƙora a jere, wani ya warke, wani ɗanye. Don tsabar kunya uwar ta ɗaga hannu za ta kai wa yarinyar mari. Tsohuwa ta ce, “Sauke hannunki, 'yar nan. Zauna can, kada ki sa mana baki.” Ta kwaɓa lalle ta shafa wa yarinyar, ta zura hannuwanta cikin zunguru ta ɗaure. Ka san lalle ba ya kamuwa da gaggawa, yini ake yi. Sai tsohuwa ta tambayi yarinyar abin da ke cin ranta, ta zauna tana jira. Yarinya ta yi ta kokawa da kalma ɗaya, tsohuwa ba ta ƙarasa mata ba, ba ta kuma kau da kai ba. Kafin la'asar yarinyar ta amayar da komai, dariyar da ake mata, da dukan, da yadda wani lokaci take jin gara ma ba ta duniya. Uwar na gefe tana hawaye, don ta manta rabon da ta bar 'yarta ta kai ƙarshen zance.

Ba rana ɗaya aka warke ba. Amma daga nan, in uwar ta ga zuciyar yarinyar ta taso, sai ta jingine taɓarya, ta riƙe hannuwanta biyu, ta jira har maganar ta fito. Kafin wata sallar babu sabon tabo ko ɗaya. Har yau in aka ambaci tsohuwar, sai uwar ta ce Allah ya saka mata da Aljanna, ita ta maido mata da 'ya. Gaskiyar Hausawa da suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.