Akwatin da Mama Ta Hana a Taɓa

"Sake shi," in ji Mama, ta doke hannun surukinta daga mariƙin akwatin.

Jirgin ƙasa ya tsaya, ƙofofi sun buɗe, mutane sai kutsawa suke yi. Akwatin kuwa ba na wasa ba ne: baƙi, mai taya huɗu, tsawonsa ya kai mata ƙugu, irin wanda in aka gani sai a tambaya ko ƙaura ake yi. Injiniya, mijin autarta, shi ya taro ta a filin jirgin sama na wannan ƙasa da ba ta jin ko "zo" a yarenta, kuma tun can yake neman karɓar kayan tana hana shi.

"Haba Mama, ina tsaye ki ɗauki kaya? Ai sai a zage ni."

"A zage ka ɗin. Na Auta ne, hannunta kaɗai zai taɓa shi."

Ta yi bisimilla, ta ciccibe shi ta haye, da wani nishi da sai da na ƙarshen tarago ya waiwayo.

Hutu ta zo, haka ta faɗa wa kowa a gida. Injiniya har ya tsara wuraren da zai kai ta, gidan tarihi da bakin ruwa da manyan kantuna. Mutum ne mai ladabi, in yana gaishe ka kamar ya kwanta. Ya riga ya ba ta haƙuri cewa Auta ba ta samu zuwa tarya ba, ta ɗan zame a banɗaki. Wayarta ma ta lalace, shi ya sa kwanakin nan sai ta tasa ake samun ta. Mama ta ce Allah ya sawwaƙe.

Akwatin ya ƙi shiga tsakanin kujeru, sai ta girke shi a kan hanya. Da jirgi ya ja birki, ya zura a guje, ta taro shi da ƙafa ta danne. Masu wucewa suna raɓewa suna tsaki. Tsaki dai duk duniya yarensa ɗaya, don haka ta mayar musu da nata.

Ana haka mai duba tikiti ya iso, wani dogo mai jan hanci. Ya dubi akwatin, ya zubo magana.

"Ya ce doka ce," in ji Injiniya. "Ko a ɗora shi sama, ko a fitar da shi daga tarago. In ba haka ba, a sauke mu a tasha ta gaba."

"Ka ce masa na haifi wanda ya fi shi tsawo."

Injiniya ya yi wa mutumin dogon bayani yana murmushi, ta tabbata ba saƙonta ya isar ba. Sai kawai ya naɗe hannun riga, ya sunkuya zai ɗaga.

In surukin nan nata ya ɗaga akwatin, tafiyar duka ta tashi a banza. Kafin hannunsa ya kai, ta zauna daram a kai, ta gyara mayafi, ta zuba wa mai duba tikiti ido. Ya nuna sama, ta girgiza kai. Ya nuna ƙofa, ta miƙe, ta tura abinta da kanta har lungun da ke tsakanin tarago da tarago, kusa da bayan gida, ta sake hayewa kai.

A nan ta ƙarasa tafiyar, kujerarta mai laushi tana can babu kowa. Ƙarfe na kaɗawa a ƙarƙashinta, sanyi na shigowa ta ƙasan ƙofa, gwiwarta mai ciwo tana zugi. Duwatsu da koguna suka yi ta wucewa ta taga, irin waɗanda masu hutu ke ɗaukar hoto, ko kallo ba su ishe ta ba.

Injiniya ya kawo mata shayi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Wai Mama me kika zubo haka? Zinariya?"

"Abin da uwa ke kawo wa 'yarta."

Gidan nasu a saman bene yake. Mataki ɗaya ɗaya ta riƙa jan akwatin, tana tsayawa tana haki, shi yana biye kamar ɗan rakiya, kunya ta gama kama shi a gaban maƙwabta.

Auta ce ta buɗe ƙofa. Ta rame, ta ja mayafi ta rufe gefen fuska ɗaya, kuma kafin ta gaida uwarta sai da ta dubi mijin.

"Injiniya, gwiwar nan ta kumbura," in ji Mama. "Nemo min man shafawa, Allah ya yi maka albarka."

Ya dubi matarsa, amma ladabin da ya saba nunawa ya ɗaure shi. Mama ta kasa kunne har takunsa ya ɓace, sannan ta murza mabuɗi. Ta janye mayafin. Ido a kumbure, leɓe a fashe. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, amma ba ta zo kuka ba.

"Banɗaki ne, Mama," Auta ta faɗa a hankali.

"Na san banɗakin. Yanzun nan na aike shi kanti."

Da hannu ɗaya ta kwantar da akwatin, ta zuge shi.

"Fara sa fasfo ɗinki, sannan tufafi. Yi maza, jirgin da ya kawo ni zai koma."

Auta ta leƙa ciki. Tun daga gida Mama ta taho da shi babu ko allura.