Bokanyar da Ta Fi Ƙarfin Kowa

"A rage mata ƙarfi, ko ku nemi wani gidan da za ku riƙa wasa!" Desmond ya daki teburin har dayis ɗin wasan, irin na lido, suka tarwatse.

Asabar ta huɗu ke nan bokanyar da Noreen ke wasa da ita tana gamawa da dodo tun jaruminsa bai zare takobi ba. Shi da ya shekara goma a birnin Winnipeg yana wasan nan na tebur, inda kowa ke riƙe da jarumi ɗaya a cikin labari, ita kuwa zuwanta ke nan.

Tobias, mai jan labarin wasan, ya gutsiri piza. "Ranka ya daɗe, me za mu rage?"

"Komai. Wanda ya tsara bokanyar nan bai san adalci ba. Ko jariri aka miƙa wa ita sai ya ci wasa."

"Na gode," in ji Noreen.

Desmond ya fizge takardar da aka rubuta ƙarfin bokanyar a kai don ya nuna musu. Sai ya ƙura wa takardar ido. Rubutun hannunsa ne.

"Taka ce ta bara," in ji Tobias. "Wadda ka jefa kwandon shara, ka ce ba ta tsinana komai. Ko ɗigo ba mu ƙara mata ba."