Wuskin da Ya Zauna a Gangar Kifi

Nomau, gyara zama. Ka ce mini majalisar nan ta bakin tasha zama kawai kake yi, ba ka sa hannu a cuwa-cuwar filayen da suke yi. Na yarda, don na san wanda ya haife ka. Ƙanena ne, kuma har ya koma ga Allah ba a taɓa nuna shi da yatsa ba. Amma bari in ba ka wani misali. Kada ka ji zancen giya ne ka kau da kai. Ni ma ban taɓa kai ta bakina ba, sai dai na yi shekara ashirin da shida ina wanke kofunanta a kulob ɗin Turawa masu haƙar kuza a Bukuru, kuma mai wanke kofi kunnensa a buɗe yake.

An yi wasu mutum biyu masu dafa wuski, ɗaya a Sikotlan, ɗaya a Ayalan, teku a tsakaninsu. Shi wuski idan ya sauko daga tukunya fari ne tas kamar ruwan sama. Sai an ɗura shi a gangar katako, an toshe, an bar shi shekaru, sannan yake yin launi da ƙamshi. Su biyun suka yi dahuwa a shekara ɗaya, suka yi alkawarin haɗuwa bayan shekara ashirin a ɗanɗana a ga na wa ya fi. Mutumin Sikotlan gadon sana'ar ya yi. Sha'irinsa zaɓaɓɓe ne, ruwansa daga dutse yake ɓuɓɓugowa, kuma wannan dahuwar ce ya yi niyyar sa wa sunan marigayi mahaifinsa. Duk wanda ya shinshina ta a ranar cewa ya yi an gama gasa tun ba a fara ba. Sai dai jirgin da zai kawo masa gangar kirki ya makara, shi kuwa mutum ne mai gajen haƙuri. Ya gangara bakin teku ya samo wata lafiyayyar ganga wadda masunta suka taɓa adana kifi mai gishiri a ciki. Ya wanke ta sau bakwai, ya babbake cikinta, ya sa hanci bai ji komai ba. Ya ce ai itace itace ne, kuma abin da ya dafa ya fi ƙarfin kowace ganga. Ya ɗura, ya toshe, ya zana sunan ubansa a jiki. Na Ayalan kuwa dahuwarsa ba yabo ba fallasa, amma ya jira wata uku har ya sami gangar da ruwan inabi mai zaƙi ya daɗe a ciki.

Shekara ashirin ta cika, dukansu sun yi furfura. Aka ɗauko wata tsohuwa wadda ɗanɗano ne aikinta. Idonta ya tafi, amma hancinta da harshenta ba a yi musu ƙarya. Aka ajiye mata kofi biyu ba tare da an gaya mata kowanne na wane ne ba. Ta ɗiga ruwa kaɗan a na farko, ta juya kofin, ta shinshina, ta riƙe kurɓi guda a kan harshe, ta tofar a kasko. Ta ce akwai laushi, akwai zuma da zabibi, wannan ya yi zaman arziki. Na Ayalan ne. Ta kuskure baki ta ɗauki na biyu. Ta shinshina, ta kurɓa. Sai ta ce, "Hayaƙi na nan, ƙarfi na nan. Hannun da ya dafa wannan ban taɓa gamuwa da irinsa ba. Amma bawan Allah, da wa ka bar shi ya zauna? Ƙarnin kifi nake ji."

Mutumin Sikotlan ya fizge kofin yana rantsuwa ya wanke gangar. Ya kurɓa. Da farko hayaƙin ya ji, irin na gidansu, sannan daga can baya ƙarnin ya taso. A rana ɗaya gangar ba ta yi wa wuskin komai ba, a wata ɗaya ma haka. Amma duk sanyi duk zafi itacen yana tsotsa yana mayarwa, kaɗan-kaɗan, shekara ashirin. Shi kuwa ya haura saba'in, babu wasu shekaru ashirin ɗin a gabansa. Ya mirgina gangar waje, ya sa wuƙa ya fara kankare sunan ubansa tukuna, sannan ya cire toshiyar. Ya tsaya yana kallon aikin rayuwarsa yana shiga ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai zuciyata ta karye.

Kai ma dahuwarka mai kyau ce, Nomau, kuma sunan ubanka ne a jikinka. Shekaranjiya a kasuwa na ji ana zancen matar nan da mijinta ya rasu, wadda abokan zamanka suka sayar da filinta sau biyu. Kai kuwa daga bayana ka ce wawiya ce, ka yi dariya. Na waiwayo don in ga wane ne, saboda dariyar ba ta gidanmu ba ce. Ba ka sa hannu ba, gaskiya ne, amma hancina ya ji. Magabata sun riga sun faɗa: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.