Asibitin Attajiri da Kurar Mai Ruwa

Tunda ka ce kai ma za ka zuba dukiyarka a harkar asibiti, tsaya ka ji wannan kafin ka aza tubali.

An yi wani attajiri, dillalin fata, da Allah ya buɗa masa, sai ya gina asibiti a bakin gari, gini na gani na faɗa, da na'urori daga ƙasashen waje da likitoci masu ji da kansu. A bayan katangar kuwa akwai unguwar masu ƙaramin ƙarfi, 'yan garuwa da 'yan dako da mata masu wankau. Likitar da ya damƙa wa aikin ta ba shi shawara ya ware ɗaki ko guda ɗaya ne, a fasa masa ƙofa ta wajen unguwar, a riƙa duba mutanen da rahusa, ana ba su ruwan gishiri da sukari da allurar rigakafi, ribar manyan ɗakuna ta ɗauki nauyinsa. Ya yi dariya ya ce, "Likita, ni asibiti na gina, ba gidan sadaka ba. Zakkata kuwa ina fitarwa." Kada ka ɗauke shi mugu, ba mugu ba ne, yana dai cikin masu zaton katanga tana tare komai. Da damina ta yi nisa, masai suka cika suka malala cikin rijiyoyi, amai da gudawa ya ɓarke a unguwar. Daga tagar ofishinsa yana hango makara tana fita, wata na bin wata, tsoro ya kama shi ba kaɗan ba, domin 'yarsa tilo ta zo gida haihuwar fari, tana kan wankan jego. Sai ya yi abin da tsoro ya koya masa: ya ƙara masu gadi, ya ce duk wanda ya zo daga bayan katanga a tura shi asibitin gwamnati, can ƙetaren gari. Ran nan da hantsi ya ga wani mai ruwa ya turo matarsa a cikin kurar da yake tallan ruwa da ita, ta yi laushi kamar tsumma, zaninta sharkaf. Kura ce koriya, an ɗaure ƙafarta ɗaya da roba. Mutumin ya durƙusa yana roƙo, mai gadi ya nuna masa hanya, attajiri ya saki labule ya koma kujerarsa.

Jego kuwa, ka san cin ruwa gare shi, safe da yamma. Tankin gidan ya kasa, mata suka riƙa sayen ruwa ta ƙofar baya, maigida bai sani ba, don ba ya shiga sha'anin cikin gida. Ruwan wanka sai an tafasa shi a ƙatuwar tukunya da ganyen darbejiya, kamar yadda aka gada kaka da kakanni. Na sha kuwa, goggon mai jego ta ce tafasasshe ba ya kashe ƙishi, a juye shi cikin randa yadda ya zo. Washegarin ranar da aka kori mai ruwa, da azahar, attajiri ya tarar 'yan barka sun cika ƙofar gida, sai ya zagaya ta lungu. Nan ya yi kiciɓis da kura koriya, ƙafa ɗaure da roba, jarkoki jere a daidai inda matar nan ta kwanta, mai ita yana saukewa, idanunsa jawur, ga alama daga maƙabarta ya wuce rijiya, don yara ba sa cin makoki. Attajiri ya tambayi mai aikin gidan tun yaushe mutumin nan yake zuwa, ta ce, "Ai Alhaji, tun ranar haihuwa shi ke kawo mana." Ya ruga ciki ba ko sallama. Ya ga jariri yana barci shi kaɗai a kan gado, ga moɗa a gefe ba ta ko bushe ba, daga banɗaki kuma ya jiyo kakarin amai. Aka kwashi mai jegon zuwa asibitin ubanta, aka buɗe mata kowace ƙofa, likitoci suka rufu a kanta, amma jikin da bai farfaɗo daga haihuwa ba ina zai iya da wannan? Ranar suna aka yanka rago, aka raɗa wa yaro suna, waɗanda suka zo da kayan barka kuma su ne suka zauna zaman makoki. Bayan sadakar bakwai ya kira magina da kansa, ya tsaya a kansu suka fasa katangar, aka yi ƙofar nan da likita ta roƙa.

To, in za ka gina, ka fara da wannan ƙofar. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.